Ina Gizo Ya Shiga? Tarihin Littattafan Ban Dariya Na Yaranmu

Ina neman izini in ɗan yi magana a kan wani abu da wasu za su ɗauka wasa ne, alhali ni ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya na je Zariya ta'aziyya, a hanyar dawowa na tsaya wajen wani mai sayar da littattafai na sayi Magana Jari Ce littafi na ɗaya, na kawo wa autana tsaraba. Yaron shekararsa 10, yana aji biyar, Turanci a bakinsa kamar ruwa, kuma ya haddace izu uku a Islamiyya, alhamdu lillahi. Na miƙa masa na ce karanta mini shafin farko. Wallahi sai ga yaro yana ta in'ina. Ya zo kan ƙ ya tsaya, ya zo kan ɗ ya ce an yi kuskuren bugu. Da ƙyar ya kai layi na uku, ya ɗago kai ya ce, "Baba, babu na Turanci?" Hausar da yake neman ƙarin tuwo da ita wajen uwarsa ita ce ta gagare shi a takarda. Na yi dariya a gabansa, amma daren nan ban yi barci da wuri ba. Shi ya sa na ce bari in tattaro abin da na sani game da inda irin waɗannan littattafai suka fito, da yadda aka yi suka kuɓuce mana.

Kafin littafi dai akwai kaka. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko ƙauyukansu ya san yadda ake yi: an ci tuwon dare, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa. Daga nan sai Gizo ya fito da tsamin bakinsa da kwaɗayinsa, matarsa Ƙoƙi na fama da shi, kura kuma kullum ita ce a ƙasa. Har tsoratar da mu ake yi cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓace a hanya, kuma sai da na girma na gane dabara ce ta hana mu zama ba a gama aikin gida ba.

Waɗanda suka fara sa waɗannan labarai a takardar boko ba don yaranmu suka yi ba. A 1885 wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Schön ya buga Magana Hausa a Ingila, kuma da yawan abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya samo shi, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda ya bi matafiyin nan Barth har Turai. Daga baya wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya sa malamai a ƙasar Sakkwato suka rubuta masa tatsuniyoyi da labarai da ajami, ya juya su boko, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin kuma wani Bature, Rattray, ya fitar da tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Wannan na ƙarshen ya kamata ya tsaya mana a rai, don kuwa a cikin Hausawa mazauna zango aka yi shi, baƙi irinmu da fatauci ya kai wata ƙasa, amma ba su yar da tatsuniyarsu a hanya ba. Sai dai duk waɗannan an buga su ne don Turawa su koyi Hausa su ji daɗin mulki. Ɗan Bahaushe bai ma san an yi su ba.

Abin ya sauya ne da makarantun boko suka fara yawa aka ga yara sun iya haɗa baƙi amma babu abin karantawa. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara a Kano, ba da jimawa ba aka mayar da ita Zariya a ƙarƙashin wani Bature, Dokta Rupert East, kuma a 1933 aka sauya mata suna ta koma Hukumar Talifi. A shekarar ne East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarin da suka ƙaga da kansu, za a ba da lada. Ya sha wuya, domin malaman lokacin suna ganin alƙalami na wa'azi ne da fiƙihu da tarihi, labarin ban dariya kuwa sai mata da yara. Duk da haka an samu littafi biyar da aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda daga baya ya zama Firayim Minista, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin.

A cikin biyar ɗin nan wanda ya fi sa yara dariya shi ne Ruwan Bagaja. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, cikin jihar Neja ta yanzu, wato maƙwabtanmu. Ɗan gidan malamai ne, ya yi karatun allo da na littattafai kafin ya shiga Kwalejin Katsina, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta littafin. Labarin Alhaji Imam ne da ya fita duniya neman wani ruwa na magani, amma abin da kowa ke tunawa shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda duk garin da Alhaji ya sauka sai ya tarar da shi, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama. Ni da na yi Islamiyya, sai da na zauna a zauren wani malami ana karanta Maƙamatul Hariri na ji ana labarin Abu Zaidi da yadda yake ɓad da kama gari gari yana damfarar mutane, na ce a'a, ai wannan Zurƙe ne! Ashe kuwa haka ne, shi kansa Imam bai ɓoye cewa ya amfana da Maƙama ba.

East ya ga ya tsinci dami a kala. A 1936 ya sa aka aro masa Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya ce ya karanta ya fitar da abin da zai dace da yaran makaranta. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga shi littafi uku daga 1937, da labarai fiye da 80.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, don a ganina duk hikimar tana cikin yadda aka gina littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri, wanda ke kwaɗayin sarauta, ya shirya mutanensa a waje suna jiran yaron ya fito. Musa kuwa zuciyarsa na wajen yaƙi, kullum dare sai ya yi ɗamara ya zo sallama da akunsa. Akun nan ba shi da ƙarfin da zai tare ƙofa, kuma ya san in ya ce wa ɗan sarki kada ka fita, to kamar ya tura shi ne. Sai ya ɗauko labari. Yaro ya tsaya ya ji ƙarshe, kafin a gama gari ya waye, fita ta fasu sai gobe. Haka ya yi ta yi har sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku waziri. Duk uban da ke da ɗa matashi a Abuja, wanda magariba na yi ƙafarsa ke ƙaiƙayin fita, ya san abin da akun nan ke fama da shi. Mu dai tsawa muka iya.

Kuma labaran da akun ya bayar ba wa'azi ne tsagwaronsa ba, na ban dariya ne har ciki ya yi ciwo. Akwai Sahoro da Sahorama, malalata biyu da suka auri juna, suka ga kiwon awaki wahala ne suka musanya su da amyar zuma, suna kwance suna lissafin dukiyar da ba ta zo ba har aka kai ga sandar da za a doki ɗan da ba a haifa ba ta fasa abin zuman. Akwai Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, sannan ta haɗa mijin da baƙon tsere, miji na bin sa da wuƙa a hannu yana nufin kaji, baƙo na gudu yana zaton shi za a yanka. Masana sun nuna cewa waɗannan biyun daga tatsuniyoyin Jamus aka samo su, na wasu 'yan'uwa biyu da ake kira Grimm, shi kuma tsarin aku mai hana fita da labari daga Indiya da Farisa ya taso. To amma wa zai karanta Kalalatu ya ce ba maƙwabciyarsa ba ce? Mu 'yan kasuwa mun san wannan: yadi daga waje yake zuwa, ɗinkin ne ke mayar da shi babbar riga. A littafi na biyu Waziri Aku ya yi gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Daga nan Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu 1939. Ya rasu a 1981, Allah Ya jiƙansa.

Na san a cikinmu akwai masu cewa duk wannan tatsuniya ce, tatsuniya kuwa ƙarya ce, gara yaro ya riƙe Ahalari da Ishmawi. Ni ma ɗan Islamiyya ne, ba na jayayya da malamaina, kuma ba a ce a ajiye Ahalari ba. Amma ina tuna musu cewa tun zamanin Abbasiyawa Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna zuwa Larabci, littafin da zaki da dila da sa ke magana, kuma malamai ba su ƙone shi ba, karantar da shi suka yi. Maƙamar da na ambata kuwa, a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato sai ɗalibi ya yi nisa ake buɗe masa ita, alhali daga farko har ƙarshe labarin ɗan damfara ne da aka ƙaga. Ƙarya ita ce ka faɗi abu don a ɗauka gaskiya ne. Babu yaron da ya taɓa zaton kura ta je aikin hajji da gaske.

Bayan Imam aikin bai tsaya ba, saboda akwai hukuma a bayansa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da injin buga littattafai. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, aka yi hukumar NORLA wadda ta yi ta fitar da ƙananan littattafai masu araha har aka rufe ta a 1959. A wannan zamanin ne Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, yaron da ya tashi gurgu, aka warkar da shi ya zama gwarzon da babu kamarsa. Mu da muna yara ko a mafarki ba mu san asalin Iliya jarumin tatsuniyar Rasha ba ne, da birnin Kib da Sarki Waldima duk can ne. Har yau in Bahaushe ya ce kwalele dokin Iliya, daga littafin nan yake magana ko bai sani ba. A 1966 aka kafa NNPC ta Zariya, ba ta man fetur ba, ta littattafai, haɗin gwiwar Gaskiya da kamfanin Macmillan. Ita ta buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, inda yaro Kilba ya bi Kolin Koliyo yawon sararin sama. A farkon shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero, ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida. Shi ne ya dawo da Gizo da Ƙoƙi hannun yaran da aka ƙage su dominsu, shekara 60 bayan Edgar.

Ni a nan na shigo cikin labarin. Ban yi boko mai nisa ba, a Islamiyya aka koya mana baƙaƙen boko tare da na Larabci. Amma da aka fara UPE a 1976 aka kwashi yayana zuwa firamare, shi ne ke shigo da littattafan nan gida, daga Ka Koyi Karatu har ya kai Magana Jari Ce. Da dare a kunna fitilar ƙwai, ya karanta, mu da matan gida har da kakarmu muna ji. Tsohuwar nan, wadda ita ce sarauniyar tatsuniya a gidan, sai ta ce a maimaita mata na Kalalatu. Don in daina jiran yayana ya ga dama na dage na iya karatun Hausa, kuma karatun nan ne nake rubuta lissafin shago da shi yau shekara 30 da wani abu. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, mu kan cika gidan mai talabijin a unguwa.

To daga nan ne abubuwa suka fara lalacewa. Tsarin SAP na 1986 ya karya naira, takarda da tawada kuwa daga waje ake shigo da su. Manyan kamfanoni suka koma buga littafin da hukumar jarrabawa ta wajabta kawai, don shi ne uba zai saya ko yana so ko ba ya so. Matasan Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, kuma sun yi ƙoƙari, sun sa mata da yawa sun koyi karatu. Sai dai littattafan soyayya ne na samari da 'yan mata. Ɗan shekara bakwai babu wanda ya tuna da shi, domin littafin yaro yana son zane da launi da takarda mai kauri, wannan kuwa jari ne da ƙaramin marubuci ba shi da shi. Ana cikin haka fim ya zo, bayan fim waya ta zo.

Mu na Abuja namu ya fi na kowa. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yi dokar kafa sabon babban birni, a ranar 12 ga Disamba 1991 aka taso daga Legas. Muka biyo kasuwa, wani Wuse, wani Dei-Dei, wani Zuba, wani Karu. Mun zo da matanmu, amma ba mu zo da tsofaffinmu ba, wa zai kawo kaka ɗaki ɗaya na haya? Tabarmar tsakar gida ta tsaya can gida. Yaranmu suka tashi cikin Gbagyi masu ƙasa da Ibo da Yarbawa da Tibi, abin alheri ne, amma harshen wasa ya zama broka, harshen aji ya zama Turanci. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na wurin da yake zaune, amma a ajin da ke da yare goma wanne za a ɗauka? A 2022 aka ce a yi haka har aji shida, a watan Nuwamba 2025 kuma gwamnati ta sanar da soke tsarin, aka tsaya a Turanci. Wato dai kada mu zauna jiran makaranta. Abin da ke ba ni takaici shi ne sunan nan Abuja na garin Hausawa ne, wanda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828, aka ari sunan aka bar wa tsohon garin Suleja. Mutanensa ma marubuta ne, Malam Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin da Hausa tun kafin a samu 'yancin kai. Yau ga jikokin Hausawa a sabuwar Abuja suna tambaya ko babu na Turanci.

Ni kaina ina da laifi. Littattafan yayana guda uku na zo da su Abuja a cikin akwatin ƙarfe, na yi shekaru ban buɗe wa yarana su ba, kullum sai gobe. Da rusau ya ci tsohuwar unguwarmu a 2006 muna ta kan katifa da tukwane, akwatin ya tafi ƙarƙashin ƙasa. Manyan 'ya'yana huɗu sun girma ba su san Zurƙe ba.

Ba wai an daina ƙoƙari gaba ɗaya ba. A jihohin Bauchi da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta wanda ya samar wa 'yan aji ɗaya zuwa uku littattafan Hausa masu zane. Akwai kuma African Storybook, wani shiri da aka fara a Afirka ta Kudu, wanda ya zuba gajerun labaran yara masu hoto a intanet kyauta cikin harsuna da yawa har da Hausa, duk mai babbar waya zai iya buɗewa. Na duba wasu, suna da kyau ga mai fara haɗa baƙi, ko da yake Hausar wasunsu ana jin ƙamshin fassara, kuma ban ci karo da wanda ya kai Kalalatu ban dariya ba.

Shawarar da nake kawo wa taron wata mai zuwa ƙarama ce. Islamiyyarmu ba ta karatu Alhamis da Juma'a, ajin a kulle yake. A samu akwati ɗaya mai kwaɗo a ajiye a ofishin shugaban makaranta. Duk wanda zai je Kano ko Zariya ko Kaduna sarin kaya ya ƙara littafi ɗaya a cikin kayansa, kuɗinsa bai kai na lodin buhu biyu ba. Ranar Alhamis bayan la'asar a samu mutum ɗaya mai murya, namiji ko mace, ya karanta wa yara labari guda, ya tsaya daidai inda ya fi daɗi, ya ce mai son ƙarshe ga littafi nan. Iyayenmu mata da suka iya tatsuniya da ka, su ma a ba su rana, don akwai su a unguwar nan, kunya ce ke hana su.

Na gwada wannan a gida kafin in kawo muku. Na karanta wa autan nawa Kalala da Kalalatu, da aka zo wajen tsere na rufe littafin na ce barci nake ji. Washegari na dawo daga kasuwa na tarar da shi a bayan ƙofa da littafin, yana bi da yatsa, ya je ya tambayi uwarsa yadda ake faɗin ƙ. Yanzu yana dare na shida. Na riga na ajiye Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi wajen sakataren ƙungiya, akwatin kuwa akwai wani tsoho a shagona, kwaɗo kawai za a saya.